Azola da madobiya

Darasin nan a kan tsiro biyu ne da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Na farko ɗan mitsitsi ne, bisa ruwa yake yawo, guda 10 ba su cika tafin hannun yaro ba. Sunansa azola. Na biyu itaciya ce babba, wadda garken tumaki ke iya kwanciya a inuwarta. Sunanta madobiya.

In aka tambayi yaro wanne cikinsu ya fi kusa da ɓacewa daga duniya, ba shakka ƙaramin zai nuna. Ai agwagwa ma tana cinye shi, in kuwa ruwa ya janye ya bar shi a tudu, kafin la'asar ya bushe. To, amma ba haka abin yake ba. A shekarar 2018 masana suka sa madobiya cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu. Azola kuwa, akwai ƙasar da sai da ta kashe kuɗi don ta rage ta. Kafin a gane dalili, sai an san yadda kowane ɗayansu yake rayuwa, da yadda yake haihuwa.

Tsiron da ba ya fure

Hatsi, dawa, wake, gujiya, kuɓewa, gawo, kuka, duk hanyarsu ɗaya ce. Su yi fure, fure ya ba da ɗa, cikin ɗan a sami ƙwaya, ƙwaya ta faɗi ƙasa ta tsira. Har mutum na iya zaton duk tsiron duniya haka yake. Amma akwai wani babban dangi wanda ba ya fure, ba ya ƙwaya, kuma yana haihuwa. Da Faransanci ana kiran dangin nan fujer. Akwai irinsa fiye da dubu 10 a duniya.

Yawancin fujer suna fita a ƙasashe masu zafi da ruwan sama da yawa, kamar kurmin Kamaru da Gabon da Kwango. Suna son inuwa da laima. Akan same su bakin rafi, cikin tsagar dutse, har bisa jikin wasu itatuwa. A duwatsun Kamaru akwai waɗanda ke yin gindi kamar ƙaramin dabino, su fi mutum tsawo nesa. A ƙasar Hausa ba su da yawa. Sai dai wani lokaci a gan su cikin tukunya, an ajiye a inuwa don ado.

Ganyen fujer yakan yi kama da gashin tsuntsu. Sabon ganye yana fitowa a naɗe, kamar wutsiyar hawainiya, sannan ya warware a hankali. In aka juya tsohon ganye, za a ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a bayansa, jere reras. Wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne ya kama ganyen. Ba ciwo ba ne. Ƴan jakunkuna ne cike da wata ƙura mai laushi ƙwarai. Ita ce ƙurar iri, masana na ce mata sipor.

Ƙurar iri da ƙwaya ba ɗaya ba ne. In aka jiƙa wake ya kwana, aka ɓare shi, za a ga jaririn tsiro kwance a ciki, da ƴar saiwarsa da ƴan ganyensa. Sauran waken duka guzurinsa ne, shi zai ci har ya kafu. Ƙurar iri ba ta da jariri a ciki, guzurinta kuma bai taka kara ya karya ba. Iska ke ɗaukarta. In ta faɗa busasshen wuri, shi ke nan. In ta faɗa wuri mai laima, sai ta fid da wani ɗan kore mai faɗi, wanda bai kai farce girma ba. A jikinsa ne ɓangaren namiji da na mace suke. Ƙwayar namiji sai ta yi iyo cikin ruwa kafin ta isa wurin ta mace, ko da ruwan raɓa ne. Daga nan ne sabon fujer ke tashi. In babu ruwa, babu haihuwa. Wannan ya sa dangin nan bai yi yawa a Sahel ba, inda ƙasa ke yin wata 8 ko 9 ba ta ga ɗigon ruwa ba.

Fujer tsohon dangi ne. An sami alamar ganyensa cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 350. Tsirrai masu fure ba su bayyana ba sai wajen shekara miliyan 130 da suka wuce. Nijar ma tana da shaidar wancan zamani. A Anu Araren, kusa da Cirozerin cikin jahar Agadas, ana haƙo gawayin ƙasa, kamfanin SONICHAR yana ƙona shi yana ba da wutar lantarki tun 1981. Gawayin nan ragowar tsirrai ne da suka rayu cikin fadama fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin da babu fure ko ɗaya a duniya. Yawancinsu da ƙurar iri suke haihuwa, kamar fujer. Inda ake ganin hamada yau, da can fadama ce.

Azola

Azola tana cikin mafi ƙanƙanta a dangin fujer. Tun da dangin ba ya rabuwa da ruwa, ita sai ta tare bisa ruwan gaba ɗaya. Irinta na Afirka yana fita a tabkuna da fadamu da gefen koguna, inda ruwa ke kwance ba gudu, har da kwarin kogin Isa.

Kada a haɗa ta da kainuwa. Kainuwa ta fi ta girma nesa, ganyenta kamar na salati, kuma tana yin ɗan fure a ɓoye tsakanin ganye. Kada kuma a haɗa ta da gansakuka, wadda ba ta da ganye ba ta da saiwa. Azola guda ba ta wuce santimetir 2 ko 3 ba. Ganyenta ƙanana ne, milimetir 1 ko 2, suna hawan juna kamar ɓamɓarokin kifi. Ƴan saiwoyinta sirara suna reto cikin ruwa, ba su taɓa ƙasa. A inuwa koriya ce shar. In rana ta yi mata yawa, ko sanyi ya kama ta, ko abinci ya ƙaranta cikin ruwan, sai ta koma ja, har tabki ya yi kamar an shimfiɗa masa jan bargo.

Ita ma tana yin ƙurar iri, cikin ƴan jakunkuna a ƙarƙashinta. Amma ba da ita ta fi yaɗuwa ba. Tana da hanya mai sauƙi. In ta yi reshe, reshen ya ɗan girma, sai ya ɓalle ya zama tsiro mai zaman kansa. Shi ma ya yi reshe, ya ɓalle. In ruwa ya yi mata daɗi, tana ninka yawanta cikin kwana 3 zuwa 5. A yi lissafi da kwana 5. An zuba ƙwarya 1 cikin ruwa. Bayan kwana 5 ta zama 2. Kwana 10, ƙwarya 4. Kwana 15, 8. Kwana 20, 16. Kwana 25, 32. Ranar da wata ya cika, ƙwarya 64 za a kwashe. Abin da ke tsai da ita shi ne wuri ya cika, ko abincin ruwan ya ƙare.

Azola tana da wani baƙo da ke zaune cikin jikinta. Ga yadda abin yake. Kowane tsiro yana bukatar wani sinadari da ake kira azot, don ya yi kore ya girma. Hatsin da ya rasa shi ganyensa yakan yi ɗorawa-ɗorawa, ya tsumbure. Shi ne manomi ke saye da kuɗinsa cikin buhun takin ure. Abin mamaki, iskar da ake shaƙa cike take da shi, kashi 78 cikin 100 na iska azot ne. Amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga iska. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteri, su ne ke iya kama shi su mai da shi abincin tsiro.

A cikin kowane ganyen azola akwai ɗan rami kamar ɗaki. A nan wani bakteri mai suna Anabena yake zaune. In aka murje ganyen aka duba da madubin likita, za a gan shi jere kamar tsakiya a zare. Azola ta ba shi masauki, shi kuma ya biya ta da azot. Ba su rabuwa. Ko cikin jakar ƙurar iri akwai shi, saboda haka ɗiyar azola da baƙonta ake haihuwarta.

Manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun gane amfanin azola fiye da shekara 1000 da suka wuce, tun ba a san bakteri ba. Sukan watsa ta cikin fangalin shinkafa, su bar ta ta rufe ruwa. Sannan su rage ruwan, su tattake ta cikin taɓo. Tana ruɓewa da sauri, shinkafa ta sami taki ba da ko dala ba. Shimfiɗar da take yi bisa ruwa tana hana haki samun haske. Ana kuma ba kaji da agwagi da kifi ita. A shekarun 1980 masana aikin shinkafa sun gwada ta a kwarin kogin Senegal. A ƙasashen Sahel abu biyu ke wahal da ita: zafin bazara, da ƙarancin sinadarin fosfat cikin ruwa.

Saurin nan nata yakan zama masifa. Wani irin azola ɗan asalin Amurka ya shiga Afirka ta Kudu, inda babu ƙwaron da ke cin sa. Ya rufe madatsun ruwa, ya toshe injinan ban ruwa. Bisashe sukan ɗauka ciyawa ce, su taka su nutse. Sai a 1997 aka saki wani ɗan ƙwaro da aka kawo daga Amurka, wanda ba ya cin kome sai azola, sannan aka sami sauƙi.

Madobiya

Madobiya itaciyar daji ce ta Afirka ta Yamma. Tana fita tun daga Senegal har Cadi da Afirka ta Tsakiya, inda ruwan damana ya kai milimetir 600 ko ya fi. Saboda haka a Nijar ba ko'ina ake samunta ba. Yaron Tawa ko na Damagaram na iya girma bai taɓa ganinta ba, don ruwan can bai kai haka ba. Sai an gangara kudu maso yamma, wajen Gaya, inda ruwa ke kai milimetir 800, da dajin Goru Basunga, da ƙasar Tamu, da gandun dajin W. Zabarmawa na ce mata tolo.

Tsawonta yakan kai metir 12 zuwa 15, wata ma ta fi. Ɓawonta baƙi-baƙi ne, mai kaushi, duk ya tsattsage. In aka sare shi, wani jan ruwa ke fitowa kamar jini, in ya sha iska ya daskare. Ganyenta reshe guda ne mai ɗauke da ƴan ganye wajen 10, wannan gefe da wancan.

Da sanyi ya shigo sai ta kaɗe ganyenta ƙaf. Tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da daji ya bushe ya yi fari, sai ta rufe kanta da fure rawaya mai ƙanshi. Daga nesa ake hango ta. Zuma na zuwa shan furen, tana kwasar garin wannan fure tana kai wa wancan. Aikin da ruwa ke yi wa fujer, shi zuma ke yi wa madobiya. Shi ya sa take iya haihuwa a tsakiyar rani, ba ta jiran ko raɓa.

Ɗanta abin kallo ne. Zagayayye ne, faɗinsa santimetir 5 zuwa 7. Gefensa sirin fiffike ne kamar takarda, tsakiyarsa kuwa duk ƙaya, a ciki ƙwaya take. Masana suna kiran itaciyar Pterocarpus erinaceus. Kalmar farko na nufin ɗa mai fiffike, ta biyu na nufin bushiya. Wanda ya raɗa sunan lalle ya riƙa ɗan a hannunsa. In ya bushe, iska ta ɗauke shi ta kai shi nesa da uwar, ko ƙayar ta maƙale a gashin dabba.

Madobiya dangin wake ce da gujiya da gawo. Ita ma tana da baƙo mai kama azot, amma nata a saiwa yake. In aka tuge gujiya aka duba saiwarta, za a ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Gidan bakteri ne. Irinsu ne a saiwar madobiya. Sai dai ita ba a haihuwarta da baƙon, kowane ɗan tsiro sai ya same shi cikin ƙasar da ya faɗa. Azot ɗin nan ne ke sa ganyenta ya zama abinci mai ƙarfi, ya kuma gyara ƙasar da ya zuba. A wannan wuri kam, babbar itaciya da ƴar mitsitsiyar azola sana'arsu ɗaya.

Amfanin madobiya yana da yawa, kuma shi ne ya jawo mata. Katakonta mai nauyi ne, ja-ja mai ratsin duhu, gara ba ta cin sa da sauƙi. Kafinta na yin ƙofa da gado da kujera da shi, masassaƙi na yin ganga. A Mali da Gine da shi ake yin sandunan balafon, abin kiɗan nan da ake bugawa. Gawayinta yana daɗewa yana ci. Masu maganin gargajiya suna sassaƙar ɓawonta, jan ruwan kuma ana rini da shi. Ga uwa uba ganye. A ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, madobiya take fid da sabon ganye. Lokacin nan babu ciyawa ko ƙwaya, bisashe sun rame. Makiyayi ya hau ya sassaro rassa, shanu su taru a gindi. A Bamako har kasuwa ake kai ganyen, dami-dami, masu kiwon raguna suna saye.

Abin da ke cin madobiya

A Nijar saran rassa ne ya fi yi mata illa. Ba a ga laifin makiyayi ba, dabbarsa yunwa take ji, kuma kakanninsa ma haka suka yi. Amma akwai sara akwai sara. Wanda ya ɗebi kaɗan ya bar sauran, itaciya za ta mayar. Wanda ya aske ta ƙwal, bana, baɗi, baɗin baɗaɗa, ya hana ta fure, don a kan rassan nan ne furen ke fita. Itaciyar tana tsaye, ana ganinta da rai, amma ta daina haihuwa.

Ko ta yi ƴaƴa, da sauran aiki. Ɗan tsiron madobiya ba ya gaggawa. A shekarunsa na farko ƙasa yake nufa, yana tura saiwa tana neman laima, abin da ke sama kuwa ɗan kaɗan ne. Akuya ta ga ɗanyen ganye ta cinye. Wutar daji ta bi ta kansa. Mai sassabe ya share shi. Yakan sake tohowa daga saiwa, a sake cinye shi. Saboda haka a wurare da yawa za a ga tsofaffin madobiyoyi tsaye, a duba ko'ina ba a ga matasa ba. Garin da babu yara, ko yana cike da dattawa, an san inda ya nufa. Ga kuma fari, irin na 1973 da na 1984, wanda ya kashe itatuwa masu yawa a Sahel.

A ƙasashen da ke kudu da Nijar wata masifa ce ta daban ta auka mata. A ƙasar Sin akwai kayan ɗaki na jan katako masu tsada ƙwarai, waɗanda a da sai sarakuna da attajirai. Da masu kuɗi suka yi yawa a can, masu son kayan suka ƙaru. Itatuwan Asiya da ake yin su da su suka yi ƙaranci, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma, suka tarar katakon madobiya ya dace. Suna kiranta koso. Daga wajen 2010 aka shiga sara da injin yankan itace, a Gambiya, Gine Bisau, Benin, Togo, Gana, Najeriya, Saliyo, Mali. In dajin wannan ƙasa ya ƙare, ko gwamnatinta ta hana, sai su ƙetara iyaka. Gumaguman da aka riƙa lodawa a jirgin ruwa a Gambiya, da yawansu a Kazamans ta ƙasar Senegal aka sare su a ɓoye. Mutumin ƙauye da ya nuna itaciyar, ko ya sare ta, abin da yake samu bai kai ko kusa da kuɗin da ake sayar da ita a can ba. In motoci suka tafi, shi aka bari da kututture.

Hukumomi ba su yi shiru ba. Tun 1974 dokar daji ta Nijar ta sa madobiya cikin itatuwan da aka kare, tare da gawo, kaɗe, giginya, maɗaci, tsamiya da ɗorawa. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. Akwai kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, wadda ake kira CITES, mai lura da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. A taronta na 2016 a Johanasbag aka sa madobiya cikin abin da ba a fitarwa sai da takardar izini, dokar ta soma aiki a farkon 2017. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa. Da aka ga saran bai tsaya ba, a 2022 aka tsai da fitar da ita daga ƙasashe 16 da take fita. Doka tana da amfani, amma daji faɗi gare shi, ma'aikatan gandun daji kuma ba su da yawa. Doka ba ta hana akuya cin ɗan tsiro.

A auna su

In aka ɗebe rabin azolar da ke cikin kwano aka ba kaji, rabin da ya rage zai cike gurbin kafin mako ya zagayo. Kowane ɗan guntu uwa ne. Madobiya ba haka take ba. A ɗauka kaurin gindinta yana ƙaruwa da santimetir 1 kowace shekara, ko da yake a daji sau da yawa ba ta kai haka. Kafin ta yi kaurin santimetir 40, wanda za a tsaga katako mai kyau, sai ta shekara 40. Yaro mai shekara 10 da ya shuka ta, sai yana da 50 zai ga haka, wataƙila da jikoki. Injin yankan itace kuwa cikin ƴan mintoci yake kayar da ita. Kuma mai sara ba ya zaɓen gurguwa ko ƙarama. Babba yake nema, miƙaƙƙiya, mai lafiya, wato wadda ta fi ba da iri.

Ta wani wajen madobiya ta fi azola ƙarfi nesa. Tana jure rani na wata da watanni, tana jure wutar daji in ta girma, ƙwayarta na da guzuri da sutura. Azola kuwa yini guda a tudu ya ishe ta. Amma in tabki ya ƙafe ta mutu, ƙurar irinta na kwance cikin busasshen taɓo, in damana ta dawo ta tashi, cikin ƴan makonni ta mayar da abin da ta rasa. Kaji da kifi da agwagi suna cin ta kullum, ba su kai saurin haihuwarta ba. Madobiya ce ake ɗiba fiye da yadda take mayarwa.

Da sauran dabara. Kututturen madobiya yakan yi toho in ba a ƙone shi ba. Manoman jahar Maraɗi sun nuna abin da ake iya yi da toho. Tun daga 1983 suka soma abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a share duk tohon da ke gona, sai a zaɓi 2 ko 3 masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kiyaye su. Da yake tsohuwar saiwa tana nan da ranta, tohon ya fi dashe saurin girma. Ta haka gawo da kalgo da sabara da wasu itatuwa miliyoyi suka dawo gonakin Maraɗi da Damagaram. Abin da aka yi musu ana iya yi wa madobiya inda take fita.

Ana kuma renonta daga ƙwaya. A bazara ake tsintar busassun ƴaƴan. A yanke fiffiken da ƙayar, a fid da ƙwaya, a jiƙa ta cikin ruwa ta kwana. A shuka cikin ƴar jakar leda mai ƙasa da taki, a ajiye a inuwa, ana ba ta ruwa safe da marece. Cikin mako 1 ko 2 za ta tsira. In damana ta kankama a dasa. Tun 1975 ake dashen itace a Nijar ranar 3 ga Agusta, kuma ranar ta dace da wannan aiki. Sai dai dashe ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne shinge. Ɗan madobiyar da ba a kewaye da ƙaya ba, abincin akuya ne kafin kaka. Sai an yi shekara 4 ko 5 ana gyara shingen, har kanta ya wuce bakin dabba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙwaya da ƙurar iri?
2. Don me fujer bai yi yawa a ƙasar Hausa ba?
3. A ina baƙon azola yake zaune? A ina na madobiya yake? Wane aiki suke yi?
4. Yaya saran rassa kowace shekara yake hana madobiya haihuwa, alhali tana tsaye da ranta?
5. An zuba ƙwarya 3 ta azola, tana ninkawa kowane kwana 5. Ƙwarya nawa za a samu bayan kwana 20?
6. Kwana nawa ne cikin shekara 40?

Aiki

A jiƙa wake ya kwana, a ɓare shi, a zana abin da aka gani. In damana ce, a tugo gujiya ko wake guda, a wanke saiwar a hankali, a ƙirga ƙulle-ƙullen da ke jikinta.

Inda ake samun azola, malam ya ɗebo kaɗan da ludayi daga bakin ruwa. Yara kada su shiga tabki, saboda tsargiya. A zuba ƙasa kaɗan da ɗan busasshen kashin shanu cikin kwano mai faɗi, a cika da ruwa, a sa azola guda 10, a ajiye a inuwar itace. Kowace safiya ɗalibi ɗaya ya ƙirga ya rubuta a allo, har kwana 15. In an gama, a ba kaji ko a zuba cikin ramin taki. Kada a zuba ta cikin tabkin da gari ke sha.

Kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gidansu sunayen itatuwan da ke dajin garin lokacin ƙuruciyarsu, waɗanda yanzu ba a ganinsu ko suka yi wuya. Ya rubuto sunayen da Hausa, da abin da ake yi da kowace itaciya, ya kawo aji ranar Litinin.